Kwakwar Hairun

Jirgin ya faɗo da hantsi, lokacin Mahani tana bakin teku tana tonon kaguwa tare da jikarta Ici. Tun da yaƙi ya iso tsibiran nan an saba da jiragen sama, har yara sun daina ɗaga kai. Amma kukan wannan daban ne, yana yi yana ɗaukewa kamar mai tarin da ya ƙi fita. Ya ɓullo ta bayan dutse yana jan baƙin hayaƙi, ya bi ta saman gidaje ƙasa-ƙasa, har Mahani ta ga jan tambarin da ke jikin fiffikensa. Na Japan ne. Sai ya faɗa cikin fadamar sago, itacen nan da ake tatsar garin tuwo daga cikinsa, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya.

"Kaka, ya mutu?" in ji Ici.

"Wa?"

"Jirgin."

"Ɗauki kwandonki mu tafi gida."

Maza suka shiga fadamar da adduna. Da suka dawo suka ce jirgin ya kafe hancinsa cikin taɓo, taɓon ne ma ya hana wuta cinye shi. Matuƙin yana nan zaune a kujerarsa, ɗaure da ɗamara, babu rai. Babu wanda ya taɓa shi.

Aka zuba ido ko 'yan'uwansa za su zo su ɗauke shi. Ba su zo ba. A lokacin sojojin da ke babban tsibiri ta kansu suke yi.

A tsibirinmu, ranar da aka haifi mutum ake binne cibiyarsa a tudun bayan gari, a dasa kwakwa a kai. Ita ce bishiyarsa. Tare za su girma, ranar da ya mutu kuma ƙarƙashinta za a tona a kwantar da shi. Macen da aka auro daga wani tsibiri takan zo da ƙwallo ɗaya daga tata bishiyar ta dasa. Wanda ba shi da bishiya ba shi da makwanci. In teku ce ta kawo gawar baƙo, sai a mayar mata da abinta. To wannan ba teku ta kawo shi ba. A cikin abincin mutane ya mutu, kuma ba a sa gatari a fadamar da gawa ke ciki sai an rufe ta.

Sago kuwa shi kaɗai ya rage. Sojoji sun kwashe manyan kwale-kwale, ƙananan kuma in sun yi nisa jirage na harbinsu. Rogo ya ƙare tun kafin damina. Garin da aka tatsa kafin faɗuwar jirgin yana ta raguwa a tukwane, har mata suka fara dafa ganye zalla suna ce wa yara tuwo na zuwa.

Ran nan da safe Mahani tana kan tudu tana share ƙarƙashin kwakwar ɗanta Hairun, kamar yadda take yi kullum tun da sojojin Japan suka tafi da shi aikin filin saukar jirgi. Damina biyu ke nan. Waɗanda aka tafi da su tare, wasu sun dawo ƙashi da fata, ɗaya gawarsa aka kawo. Hairun ne kaɗai babu labari. Ganin ƙarshe da aka yi masa yana ɗauke da duwatsu, zazzaɓi na kaɗa shi, daga nan aka ce an tsallaka da shi wani tsibiri. Amma bishiyarsa shar take, 'ya'ya a jikinta tuli. Mahani takan ɗaga kai ta dube su ta ce a ranta, mai wannan bishiya ba ya cikin ƙasa.

Sai ga wanta Kamis, wanda shi ne mai gari, yana hawowa, matarsa Jumati na bayansa tana haki.

"Uwar tsintsiya," in ji Jumati, "wata rana sai kin share tudun nan ya koma fili."

"Gara ni. Ke ƙarƙashin taki har macizai sun yi unguwa."

"Bar su, su ne 'yan gadina."

Kamis bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗauki wani tsinke yana karyawa.

"Mahani, kin ji warin ya fara isowa gari?"

"Ina da hanci, Yaya."

"Na zauna da dattawa. Liman ya ce shi bai san abin da zai karanta wa mutumin nan ba, amma gawa dai ba a barinta a fili. Mun bi tudun nan bishiya-bishiya. Kowace ko mai ita yana kwance a ƙarƙashinta, ko yana yawo a gari."

Mahani ta ci gaba da shara, ko da yake babu sauran ganye a wurin.

"Saura ɗaya," in ji shi.

"Ku sa shi a tawa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ga ta can. Ni tsohuwa ce, in na mutu ku jefa ni teku, kifi ma su samu."

"Kifi sun ƙi," in ji Jumati a hankali, amma wasan bai kama ba.

"Kina tsaye a gabana kina numfashi," in ji Kamis. "Kin san ba a tona ƙarƙashin bishiyar mai rai."

"To Hairun fa?"

Kamis ya jefar da tsinken. Nan ta gane abin da suka hawo tudu su karɓa. Ba ƙasa ba ce kawai. So suke ta faɗa da bakinta cewa ɗanta ya mutu.

"Kuma wa za ku kwantar masa a wuri? Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaure shi da igiya a gabana?"

"Ni ba zan tilasta miki ba, ƙanwata. Bishiyar ɗa, uwa ke bayarwa."

"To ban bayar ba."

Suka sauka. Ta ji Jumati na cewa, "Na faɗa maka ka bari ta ci wani abu tukuna," shi kuma yana cewa, "Ta ci me?"

A gida ta tarar da Saoda, matar Hairun, tana kankare gindin tukunya da ɓawon kwakwa. Abin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Ta dama shi da ruwa mai yawa ta miƙa wa Ici. Yarinyar ta shanye, ta lashe ƙwaryar, ta leƙa ciki kamar wani zai ƙara fitowa.

"Kaka, ke ba kya jin yunwa?"

"Ni na ƙoshi tun ina budurwa."

"Ƙarya kike, tsohuwa. Na ji cikinki yana magana."

"Gulmarki yake yi."

Da yarinyar ta fita, Saoda ta kife tukunyar ta zauna. Ba ta da yawan magana, tun zuwanta gidan ba ta taɓa musu da surukarta ba.

"Inna, na ji abin da Kawu ya zo da shi."

"Kin kuma ji abin da na ce."

"Na ji." Ta dubi hannayenta. "Ni na riga na yi kukana, Inna. Tun bara. A bayan ɗaki na yi, don kada ki gani."

Mahani ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta so ta ce mata ai dama ke baƙuwa ce, kwakwarki ma a kwando kika zo da ita. Maganar ta zo har bakinta. Sai idonta ya faɗa kan wuyan Saoda, yadda ƙasusuwa suka fito, ta tuna rabonta da ganin yarinyar nan tana kai loma baki. Ta haɗiye.

Da azahar ta ɗauki sandarta ta nufi fadama ita kaɗai. Ita ma ba ta san abin da za ta je yi ba. Wataƙila so take ta ga matuƙin, ta ƙara samun abin da za ta ƙi da shi.

Jirgin ya yi ƙanƙanta fiye da yadda yake a sama. Ya karya itatuwan sago da dama, farin cikinsu a buɗe, yana ruɓewa a banza. Man jirgin ya kwanta a kan ruwa yana ƙyalli. Ta toshe hanci da gefen zane ta taka fiffiken ta leƙa.

Fuskar ba ta kalluwa, ƙudaje sun rufe ta. Amma jikin na yaro ne, kafaɗunsa ba su kai na Hairun ba. Takalmi ɗaya ya fice. Safar da ke ƙafar ta taɓa hujewa a dunduniya, wani ya ɗinke ta da zaren da ba launinta ba, ɗinki ƙanana a jere, irin na wanda ya zauna ya ba abin lokaci.

"Ina kuka kai ɗana?" ta tambaye shi.

Ƙudaje suka tashi suka sake sauka.

Ta daɗe a tsaye tana kallon ɗinkin. Ba tausayi ta ji ba, ko kuma ba shi kaɗai ba. Abin da ya zo mata shi ne, in Hairun yana kwance a wani tsibiri haka, a fili, to su ma mutanen can suna tsaye a kansa suna cewa ba namu ba ne. Wannan tunanin ta daɗe tana kora da tsintsiya. Yau ya same ta babu tsintsiya a hannu.

Daga fadama gidan Kamis ta wuce. Ba ta shiga ba, daga ƙofa ta tsaya.

"Yaya, ku tona."

Ya miƙe zai yi magana.

"Kada ka yi mini godiya. Kuma ku tona ta gefen yamma, saiwoyin sun fi ƙaranci."

Washegari aka naɗe matuƙin a tabarma aka hau da shi tudu. Ko ta yamman ma sai da aka sare saiwoyi. Duk saran adda Mahani tana jin sa a haƙoranta. Al'ada ce uwar mai bishiya ta fara zuba ƙasa tana kiran sunan ɗanta, ta ce masa ga wurinka. Ta ɗebi ƙasar. Mutane suka sunkuyar da kai suna jira. Ta faɗi sunan, amma ko Saoda da ke riƙe da hannunta ba ta ji ba sai motsin leɓe.

Suna saukowa Ici ta ja mata zane.

"Kaka, to in Baba ya dawo ya tsufa, ina za a sa shi?"

Jumati ta yi wuf ta ɗauke yarinyar. "Zo nan, sarkin tambaya, zo mu je ki ga yadda ake kayar da sago."

Kafin la'asar ƙarar gatura ta cika fadama. Mata suka jeru a bakin rafi suna tatsa, yara na zagaye su. Da aka sauke tukunyar farko Saoda ta zuba a akushi ta kawo wa surukarta, ta ajiye a gabanta.

Mahani ta yi niyyar ba za ta ci ba. Ta zauna tana kallon tururin. Sai hannunta ya tafi da kansa. Tuwon da zafi, da santsi, ya yi daɗi ƙwarai, kuma wannan daɗin ne ya fi komai yi mata ciwo. Ta cinye tas, ta suɗe yatsu, hawaye na sauka cikin akushin.

Da gari ya waye ta ɗauki tsintsiya kamar kullum, ta kai bakin ƙofa. Can kan tudu kwakwar tana nan shar, iska na kaɗa ta, 'ya'yanta tuli. Ta tsaya tana kallonta. Sannan ta jingine tsintsiyar a bango ta koma ciki.