Takardar da Hawa ta kawo daga Yamai

Hawa ta sauko daga motar Yamai ke nan, takardar awon jini a ɗaure a gefen zanenta, aka tare ta da labarin maƙwabcinta Na'Allah tela. Ciwon hanta ya kada shi, kwana uku ko kunu ba ya zama.

Ko gida ba ta shiga ba.

Shekara ashirin da shida ke nan da ita da Na'Allah suka kusa aure, har an raba goro a Filinge. To shi ya binne ƙannensa biyu da sikila, ya ji kukansu cikin kunnensa, ya rantse sai an auna jini. Aka auna, aka ce su duka biyu suna ɗauke da irin cutar, in sun haihu ana iya samun mai ita. Ya janye. Ta auri wani, ta haifi Anisa, mijin ya rasu. Shi kuwa bai ƙara neman kowa ba, ya zauna bayan katangarta da kekensa na ɗinki.

Yanzu ta raka Anisa Yamai awon aure, ta ce a ɗebi jininta ita ma. Likita ya auna har sau biyu. Ya ce, "Inna, ke ba ki ɗauke da komi. Awon zamanin da, wani lokaci yakan yi kuskure."

Tun daga tasha har gidansa take juya yadda za ta faɗa masa. Haƙƙinsa ne ya sani, haka ta yanke.

Ta same shi a kan tabarma, ya rame, idanu sun yi rawaya. Ƙanwarsa ta ba ta wuri ta fita.

"Uwar Anisa, kin dawo? Hala kin manta da tsarabata."

"Kai da ba ka cin komi, mi za a kawo maka?"

"Rowa dai. Tun kina budurwa haka kike." Ya yi dariya, tari ya tsare shi. Da ya lafa ya ce, "Yaya awon ɗiyar?"

"Lahiya lau. Ita da yaron duka."

"Alhamdu lillahi." Ya rufe ido. "Kin san mi, Hawa? Duk sanda ta wuce ƙohwar shagona tana tsalle, babu ciwon ƙashi, babu kwanan likita, sai in ce wa raina: Na'Allah, ba ka yi hasara ba. Da wannan na rayu."

Hannunta na kan ƙullin zanen. Ta kusa kwance takardar. Amma mutumin da ya jingina da bango guda shekara ashirin da shida, ba ranar tafiyarsa ake rushe masa shi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"Akwai wata magana?"

"Babu. Ka yi daidai, Malam."

Ya saki numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya.

Washegari bayan azahar ya cika. Maza suka ɗauke shi, mata suka taru ana dakan gumbar sadaka. Aka ce Hawa ta zauna ta huta, ta ƙi. Ta karɓi taɓarya, ta daka turmi guda, ta daka na biyu. Geron ya yi laushi tuni, ba wadda ta ce mata ya isa.