Rigar Siminti

Gwangwani takwas na fenti Wedam ya sauke a ƙofar gidanmu, da buhun siminti ashirin, kafin ya tuna da gaisuwa. Ina gindin ɗorawa ina gyaran ƙotar cebur. Ɗan marigayi yayana ne, shekara tara yana Kumasi yana sayar da tayoyi. Ya tafi da wando ɗaya, ya dawo da tumbi da tabarau da ra'ayi a kan komai.

Ya ce, "Baba Acana, na zo gyara wa Inna ɗakinta."

"Me ya same shi?"

"Dube shi mana."

Na dube shi. Ɗakin ya girme ni, ya girmi ubana. Ɗakin ƙasa ne irin na tsofaffin mata, kamar ƙwarya biyu aka haɗa, ƙofarsa sai ka durƙusa. Kakata ta zauna a cikinsa, uwata ta zauna, da yayana ya mutu matarsa Katiga ta koma ciki. Daminar bara ta lashe gefen gabas, zanen bangon ya koɗe, ga tsaga ɗaya daga indararo har ƙasa. Wannan ba ciwo ba ne. Kowace bazara haka yake. Ni in cike tsagar da laka da kashin shanu, matan unguwa su zo su yi yaɓen jar ƙasa, su goge da dutse, su ja zanensu da gashin zabo, baƙi da fari, a yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, a kai. Kwana huɗu, da tukunyar burkutu biyu, an gama.

Na gaya masa haka. Ya yi dariya ta hanci.

"Kashin shanu! Baba, surukaina za su zo daga Kumasi ganin gidanmu. In nuna musu kashin shanu? Filastar siminti za a yi, a shafa shuɗin fenti. Shekara ashirin ba wanda zai ƙara taɓa shi."

"Ƙwarai kuwa. Ba wanda ke taɓa abin da ya rushe."

"Wace magana ce wannan?"

"Bangon ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa, rana ta fito, ya fitar. Ka sa masa rigar siminti, ruwa zai shiga ta wuya ya rasa ta inda zai fita. Garin neman gira za ka rasa ido."

"Bango yana numfashi," ya maimaita, yana kallon direbansa don ya taya shi dariya. "Baba, aji nawa ma ka yi?"

Aji uku na yi, kowa ya sani. Amma rabin shagunan bulo na kasuwar Paga ni na ɗora su. Ba tsoron siminti nake ba, na san inda yake da gida ne da inda yake baƙo. Na ɗauki ceburina na nufi wajen uwarsa.

Katiga tana bayan ɗaki tana ɓare gyaɗa. Ita ta goya ni sa'ad da aka kawo ta gidan nan, duk da haka har yau mijinta take ce mini, irin wasan matar wa da ƙanin miji.

"Mijina, ka kumbura kamar kwaɗon da aka taka."

"Ke kika yarda da wannan haukan?"

"Na yarda."

"Shekara hamsin kina yaɓe, yau kin manta?"

Ta tofar da ɓawo. "Ya ce biyu ce. Ko a mai da ɗakin na mutane, ko in tattara in bi shi Kumasi, wai ba zai bar uwarsa a kango ba. Ka taɓa ganin ɗakin da ya tanadar mini? Bene hawa uku. Zabina fa? In hau da su? Kabarin yayanka fa, wa zai share?"

"Idan bangon ya faɗi, Kumasin ce dai."

"To kar ya faɗi. Kai ka yi aikin, ka san yadda za ka lallaɓa shi."

"Hannuna ba zai taɓa ba."

"Taurin kai, kamar ubanka."

Wedam bai roƙe ni ba. Washegari ya ɗauko wani daga Navrongo, kowa Foman yake ce masa, mai hular kwano da biro uku a aljihu. Ban taɓa ganin magini da biro uku ba. Mutumin bai ko kankare tsohon yaɓe ba. Ya bi bangon da ƙusoshi kamar yana hukunta shi, ya ɗaura ragar waya, ya yaɓa siminti a kan zanen Katiga. Tsagar indararo kuwa bai cike ta ba, rufe mata fuska kawai ya yi. A sama, inda siminti ya haɗu da rufi, ya bar baki a buɗe wanda yatsa zai shiga. Na gani daga gindin ɗorawa. Na bar su da abinsu. Ai aji uku na yi.

Matan unguwa sun zo ranar da suka saba zuwa, da ƙorensu da gashin zabonsu. Wedam ya ba su lemon kwalba ya ce sun huta bana. Suka tsaya suna kallon burushi yana lasar bango, ba wadda ta yi waƙa. Wata ta ce, "Katiga, asibiti za ki buɗe?" Suka watse.

Surukan suka zo, da manyan zannuwansu. Uwar yarinyar ta zagaya shuɗin ɗakin, ta tambaya ko nan ne bayi. Sannan ta ce ita an gaya mata mutanen arewa suna zana gidajensu da kyau, ina irin waɗancan? Aka kai su bangon maƙwabcinmu, suka yini suna ɗaukar hoto jikin kashin shanu. Ban yi dariya a gabansu ba, na je bayan rumbu na yi abata.

Kafin Wedam ya koma ya tara gida ya ce duk wanda ya taɓa wannan bangon, shi da shi ne. Ni yake kallo.

Ruwa ya sauka. Na farko, na biyu, na biyar. Shuɗin yana ta sheƙi, ruwa na zamewa a kansa kamar bayan agwagwa, masu wucewa suna cewa, "Acana, ina rushewar?" Wata safiya na je na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Ya amsa mini kamar ganga. Na durƙusa na leƙa ciki. Wari ya buge ni, irin na rigar da aka naɗe da jiƙa. Bangon ciki yana gumi, buhun dawarta ya fara tsiro.

Na ce, "Matar Yaya, ba zai ga kaka ba."

"To cire masa rigar."

"Ba ni na sa ba. Wanda ya sa ya zo ya cire. Ki kira ɗanki ya zo ya ce Baba ka yi gaskiya."

"In na kira shi, mota zai kawo."

"Ki kwana ɗakin matata, kar ya danne ki."

"Ran da na kwana wani ɗaki, ran nan za a buga masa waya a ce ɗakin ya gagare ni." Ta dube ni. "Kai so kake ya faɗi, ko? Don a ce ka faɗa."

Na ce ba ruwana. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na tafi.

Bayan kwana kaɗan na ga rami a gindin bangon, gefen gabas, kamar tafin hannu. Simintin ya ɓalle, ragar a lanƙwashe. Washegari ramuka biyu. Cikin mako biyu gindin gabas ya zama kamar bakin tsoho. Ina wucewa na ga ruwa yana tsattsafowa daga ramukan, ja kamar jini. Na ce a raina, to, ya fara zubewa da kansa. Har daɗi na ji, in gaya muku gaskiya.

Foman ya wuce a babur ranar kasuwa, ya gani, ya buga waya. Kwana biyu sai ga Wedam da hantsi, ko ruwa bai sha ba ya tara gida a gaban ɗakin.

"Baba, na ce kar a taɓa. Don an hana ka aiki sai ka zo kana sassare mini bango? Hassada da furfura?"

"Ni?"

"Foman ya ce sara ne da ƙarfe. Wa ke da kayan gini a gidan nan?"

Katiga ta ce, "Akuya ce."

"Inna, akuya na cin siminti?"

"Ta bana tana ci."

"Shi ke nan. Tunda gidan nan ba a son alheri, ki haɗa kayanki. Da ke zan koma."

Ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai na ga tafinta. Duk ya yi kanta, ya fashe, yatsa biyu a naɗe da tsumma inda waya ta yanka. Na waiga. Guntun fartanyarta na jingine a bakin ƙofa, bakinta ya dakushe, da shuɗi a jiki. Mace mai shekara saba'in, kullum in mun tafi gona, tana durƙushe tana buɗe wa bango hanci. Ni kuma mai guduma uku ina gindin ɗorawa ina jiran a ba ni haƙuri.

Na je ɗakina na dawo da babbar guduma da ƙarfen ɓamɓara.

Wedam ya ce, "Me za ka yi?"

"Ba ni na fara ba. Amma tunda an ba ni laifin, bari in ci amfaninsa."

"Wallahi in ka taɓa..."

"Matsa, kar ya taka maka takalmi."

Gefen ƙofa na zaɓa, inda ba a taɓa ba, inda shuɗin ya fi sheƙi. Na hau turmi, na zura ƙarfen a bakin da Foman ya bari, na danna. Ko duka ban yi ba. Ƙusoshin suka zare kamar daga tuwo. Falle guda, ya kai ƙyaure faɗi, ya rabu da bango ya kifa ƙasa. Gara ta watse. Bayansa laka ce baƙa, tana ɗiga.

Na ce, "Mai ilimi, zo ka sa yatsa."

Bai so ba, amma gida duka na kallo. Ya sa. Yatsan ya nutse har gindi.

"Yanzu zagayo nan, inda akuya ta ci."

Ya durƙusa a gefen gabas da farin wandonsa, ya danna cikin ramin. Ya ƙara dannawa. Ƙasar ta fara bushewa, ta ƙi shi.

"Nan ne ruwa ya fi duka, nan ne kuma ke riƙe da azarar rufi. Ba don akuyar nan ba, da tuni ka zo jana'iza, ba ɗaukar kaya ba."

Foman ya fara cewa ai matsalar daga irin ƙasar ce. Na ce ya rubuta da biro ɗaya daga cikin ukun. Ya tuna yana da aiki a Navrongo.

Wedam bai ji mu ba. Fallen da ya faɗi yake kallo. Ya faɗi ne da shuɗin a ƙasa, cikinsa a sama, tsohon yaɓen ya biyo shi. Ga inuwar zanen Katiga ta ratso, layin sakainar ƙwarya, baƙi da fari, da jelar ƙadangaren da take sa wa a bakin ƙofa tun shi yana rarrafe. Ya daɗe a kai. Sannan ya dubi hannun uwarsa. Ba wawa ba ne, Kumasi ce kawai ta yi masa yawa.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zai tsaya?"

"In an tuɓe shi duka yau, a tokare rufin, a kewaye shi da zana ruwa ya daina dukansa, iska na shiga. Zai kai kaka. Gefen ƙofar nan sai na sake ɗora shi."

"In bai kai ba fa?"

"Ni da kaina zan sa ta a mota."

Katiga ta ce, "Ka sa uwarka. Ni ba buhu ba ce."

Ya cire tabarau, ya naɗe hannun riga. Na miƙa masa ƙarfen. Bai ce na yi gaskiya ba, har yau bai ce ba. Yini guda muka yi muna tuɓe wa ɗakin buhu ashirin na siminti, shi yana haki kamar sa mai huɗa. Tarkacen muka cike kwazazzabon hanyar gona da shi, nan ne ya yi amfani.

Ɗakin ya kai kaka. Da rani na ɗora gefen ƙofa, na cike tsagar indararo kamar yadda ya kamata a yi tun farko. Da bazara mata suka dawo da gashin zabonsu, suka yi kwana huɗu suna waƙa, rabin waƙar zagin Foman ne, sauran rabin nawa. Katiga ba ta iya riƙe gashin ba, yatsun nan biyu sun ƙi lanƙwasa tun daga ranar. Tana zaune a turmi tana nuna musu da sanda. Ƙadangaren bakin ƙofa wata ce ta zana, ya fito kamar ɓera. Ta ce mini, "Mijina, da ka ɗauko gudumarka da wuri, da na zana abina."

Gwangwanayen fentin dai suna da kyau, ban taɓa musun wannan ba. Kauri gare su, ga marfi, ga mariƙi. A cikinsu muke jiƙa makuba.