Arba'in da Takwas ɗin Yaya

Allin ya karye a hannunta karo na uku, ajin ya fashe da dariya, ita ma ta taya su. Wata biyu da suka wuce, da kuka za ta fita da shi.

A gida Shiru-shiru ake ce mata, don ko sallama sai an kasa kunne ake jin tata. Malamar lissafi ce ta ga makinta, ta sa sunanta cikin 'yan shekara ta biyu na kwalejinsu da za su riƙa koya wa 'yan shekarar farko duk yammacin Laraba. Ranar farko muryarta ko kujerar gaba ba ta kai ba. Yanzu kuwa har na bayan aji kan ɗaga hannu ya ce, "Malama ƙarama, a sassauta mana, ba kurame ba ne mu!"

Ta sunkuya ɗaukar guntun allin, ta ɗago, sai idonta ya faɗa kan wani dogo a kujerar ƙarshe, ya kare fuska da littafi. Hannun ta gane, da tabon zarto a babban yatsa. Yayanta ne.

Ya girme ta da shekara huɗu. Ya daɗe yana taya Baba aikin kafinta, sai bana ya shigo kwalejin karatun gini, da sakamakon sakandare mai kyan gaske. Tun daga ranar Baba ya raɗa masa Injiniya.

Da aka watse ta tare shi a ƙofa.

"Yaya, me ya kawo ka ajin masu neman taimako?"

"Iska na shigo sha."

"A ɗakin da fankarsa ta mutu?"

Ya yi dariya, dariyar ta tsaya rabi. Ya miƙa mata takardar gwaji. An ce ya haɗa ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa huɗu, ya rubuta biyu bisa shida.

"Makarantar da Baba ya kai ni na zana jarrabawa, amsa aka cika mana allo da ita," ya ce, yana kallon takalminsa. "Kwafa kawai na yi. In na sake faɗuwa korata za a yi. Kada ki faɗa a gida."

*

Sati biyu tana zana masa da'ira tana yankawa, abin bai shiga ba. Ran Asabar ta same shi a shago yana feƙe ƙafar tebur, fensir a bayan kunne, garin katako har gira. Ta zare tef ɗin awo daga aljihunsa.

"Rabin inci da kwata, nawa ke nan?"

"Kwata uku mana. Wannan ai ko cikin barci."

"To rubuta."

Ya rubuta a jikin katakon, ya tsaya yana kallo. Sai ya dafe kai.

"Wai dama wannan ne? Shekara nawa ina yin abin nan ban san sunansa ba!"

Suka yi ta dariya har mai walda na maƙwabta ya leƙo ya ga ko lafiya.

Laraba ta gaba da tef ta shiga aji. Aka auna tebura, aka auna taga, wata ta dage sai an auna kan wani mai surutu. Shiru-shiru ta lura ita kanta sai yanzu take fahimtar abubuwan da a da haddace su kawai ta yi. Makinta ya ƙara hawa, malamar lissafi ta ce in ta gama akwai gurbin mai taimaka wa malami, ta sa shi a rai.

*

A jarrabawar lissafi arba'in ake nema, Yaya ya ci arba'in da takwas. Tun daga bakin titi yake kaɗa takardar sama, ita tana bin sa tana cewa ya bari kada ta yage.

Baba yana falo da waya a kunne. Ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa.

"Arba'in da takwas, Injiniya? Kai da ka saba da tamanin?"

"Wannan nawa ne, Baba. Da hannuna."

"To, to, madalla. Gaba a ƙara ƙoƙari." Ya dafa kafaɗarsa da ƙauna, ya koma kan wayar. "Ina jin ka, shugaban makaranta. E, autata ce za ta zana jarrabawa bana. A sa ta ɗakin da aka sa yayanta, ka san ba na son yarana su wahala."

Ƙanwarsu Auta tana gefen taga, ta baje littafin lissafi a cinya, ta kai rabin wata tambaya. Ta ɗago ta dubi Baba, ta dubi yayyenta. Sannan a hankali ta ajiye fensirin a tsakiyar shafin, ta rufe littafin.