Aljihun Yaya Dabo

Mutumin da ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinku, ya kawo ka Amurka, da wane baki za ka kafa masa doka a gidanka? Misbahu ya daɗe yana juya wannan tambaya, bai samo mata amsa ba.

Yayansa Dabo, injiniya a Virginia, ya sayi wata 'yar bindiga da ba ta wuce tafin hannu ba. Wata Asabar ya ja Misbahu wurin koyon harbi. Ƙarar da warin albarushi duk ya jure. Abin da ya tayar masa da zuciya shi ne takardar da ake harbi, mai siffar mutum, da yadda Dabo ke juyowa yana washe baki duk sanda ya huda ƙirjinta, sai ka ce an yi masa haihuwa.

Hasiya, matar Misbahu, ta ce ya faɗa wa yayansa ya daina shigo musu da abin nan, gida da yara. Ya ƙi. Ya ce shi bai tashi ya ga ƙane yana yi wa wa iyaka ba.

Ran ƙaramar Sallah Dabo ya iso gidan su Misbahu a unguwar Landover cikin kaftanin shadda. Kowace Sallah yakan cika aljihun dama da alawa, yara su zura hannu su ɗiba da kansu. Kaftani kuwa ba shi da inda ake maƙala bindiga, don haka a nan ya jefa ta, cikin alawar.

Kausar, 'yar Misbahu mai shekara huɗu, ta ruga ta zura hannu. Ta zaro bindigar, ga alawa ta narke ta manne a bakin bindigar, ta tambaya da Turanci ko tata ce.

Dabo ya karɓe yana dariya. "A kulle take. Ka ga jarumar 'yata?" Ya ɓanɓare alawar ya miƙa wa yarinyar.

Misbahu ya zabura. Ya ƙwace alawar, ya durƙusa kamar mai gaisuwa, idonsa a ƙasa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Bindigar ba za ta sake shigowa gidan nan ba."

"Ni kake kora, Misbahu? Ran Sallah?"

Misbahu bai ɗago ba. Ya miƙe, ya ɗauko takalman yayansa, ya jera masa su suna kallon waje, ya buɗe ƙofa ya riƙe.