Fitilar da Aka Rufe da Salatif

Fitilar gargaɗin injin da ke gaban sitiyarin Hajiya ta sake kunnuwa a kan hanyar gidan raino. Tun makon jiya maigidanta ya manna mata baƙin salatif, wai abin da ido bai gani ba zuciya ba ta damuwa da shi, amma hasken na leƙowa ta gefe kamar idon maƙwabciya.

Ta dubi madubi. Ɗanta, wanda duk gidan ke kira Sarkin Kuka, ya langaɓe a kujerarsa ta baya. Yaron da ba ya barin kowa ya runtsa, da an shiga motar nan sai barci. Babansa har cewa yake motar ta fi su iya raino. Ita kuwa kanta ke sarawa duk ranar da ta yi tuƙi, tana ɗora laifin a kan shayarwa.

Ta karya kan mota zuwa gareji.

Bakaniken, wani dattijo mai son raha, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari.

"Bar injin a kunne, Hajiya, in ga me yake faɗa. Rufe ƙofa, kada sanyin AC ya fita, yaro ya ji zafi."

Ta fito ta rufe.

"Lambar matsalar dai ita ce ta rannan," ya ce. "Sensar oksijin, 'yar abar nan mai sunsuna hayaƙi a bututun salansa."

"Baba, ai ka canza ta."

"Na canza mana! Kayan yanzu ne, sun fi dillali ƙarya. Bari in goge lambar, fitila ta mutu, kowa ya huta."

"In kuma ba ƙarya take ba fa?"

"Kai, matan zamani! Yau kuma ni za a koya wa aiki?"

"Ba koyarwa ba ce, Baba. Tsohuwa ta ce akwai matsala, ka cire ta. Sabuwa ta zo ta maimaita. Shaidu biyu ke nan. Don Allah leƙa ƙasan."

Ya shimfiɗa kwali yana dariya, ya shige ƙarƙashin motar. Tana jin yana 'yar waƙarsa. Can waƙar ta tsaya.

Yatsunsa sun ci karo da wata iska mai zafi tana bugowa daga tsagewar bututu, dab da sensar, bakin wurin baƙi ƙirin. Sama da ita kaɗan, tsatsa ta huda ƙasan motar.

"Hajiya." Muryar ba ta ɗazu ba ce. "Bututun ne ya tsage, hayaƙi ciki yake shiga. Kashe injin!"

Ba ta bi ta kan makulli ba. Ƙofar baya ta fizge, ta kwance bel, ta sungumo yaron. Jikinsa ya saki, kansa ya faɗo a kafaɗarta da wani irin nauyi.

"Tashi, babana. Tashi ka yi mini kukan nan naka."

Ta hura masa iska a fuska, ta murza tafin ƙafarsa. Shiru. Garejin duk ya tsaya cak.

Sai ga wani ɗan siririn kuka, kamar daga ƙasan rijiya.

Dattijon ya riga ya tayar da tasa motar. "Shigo, asibiti!"

Ta shiga, ta sauke gilasai duka, tana girgiza yaron a ƙirjinta don kada kukan ya yanke.