Dashen Manhaja

Shekara goma sha ɗaya manoman rani na wani yanki a ƙasan madatsar Goronyo ba su yi faɗa kan ruwa ba, kuma ba wai sun zama waliyyai ba ne. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ofishin ƙungiyarsu take fitar da takardar rabon ruwa duk Asabar, ranaku suna juyawa mako-mako. Alhaji Yari, shugaban ƙungiyar, mai gona a bakin magudana, ba ya jin maganar kowa sai ta wannan na'ura, wai don ba ta da dangi.

Uwaliya kuwa 'yar gonar albasarta tana can ƙarshen magudanar. In babu takarda, na sama ne ke shanye ruwan, ita ta samu laka.

Wata ranar Juma'a kwamfutar ta mutu. Malami sakatare ya ɗauko sabuwa, siririya kamar faifai, ya sa mata manhajar rabon daga filashi, ya danna. Ta ƙi buɗewa. Ya danna sau arba'in, gumi na ɗiga a kan maɓallan.

Tsoho Tambari, wanda ya fi kowa sanin albasa, ya leƙa ya girgiza kai. "Wanga ai dashe na. Wa ka dashe da rana tsaka?"

Aka jira la'asar sakaliya, ta ƙi. Tambari ya ce an ciro ta ba ƙasar uwa a jijiya. Aka kwance tsohuwar kwamfutar, aka kankaro dattin cikinta a murfin kwano, aka barbaɗa wa sabuwar, aka yi mata inuwa da zana. Da wani ya taho da buta zai yi ban ruwan farko, sai da Malami ya kwanta a kanta da cikinsa.

Ran Litinin ganyen albasar Uwaliya ya fara kwanciya. Tsoro ya kama ta sosai, don ita ce abincin gidanta na shekara. Ta hau mota zuwa Wurno, ta taho da Safara'u mai gyaran kwamfuta.

Safara'u ta hure dattin, ta duba, ta ce, "Alhaji, lahiyatta lau. Ƙwaƙwalwatta ce daban, irin ta waya. Wagga manhaja don ƙwaƙwalwar tsohuwar anka rubuta ta, umarninta duk da harshen waccan yake. Sabuwar ba ta jin ko kalma guda. Sai an sa musu tafinta."

"A kira shi, a shimfiɗa mai tabarma," in ji Alhaji.

"Shi ma manhaja na. Sai na tai Sakkwato, mako guda."

Mako guda albasa ta zama tarihi. Uwaliya ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, ni na san rabon. Shekara sha ɗaya ina tsaye ina sauraren sunana, na hardace yadda shika juyawa."

"Mi? Ke ai mutum ta, Uwaliya. Kina da dangi."

Da maza suka tafi azahar, Safara'u ta buɗe farin shafi a sabuwar kwamfutar, ta ce, "Inna, hwaɗi." Uwaliya ta rufe ido ta jero mutum sittin da uku, kowa da ranarsa da awarsa. Da ta zo kan sunanta ta ce Alhamis.

"Inna, ba mai gani. In sa miki gobe?"

Uwaliya ta buɗe ido. Gobe ranar wata maƙwabciyarta Larai ce, ita ma barkononta ya sunkuya. Zuciyar Uwaliya ta so goben nan kamar me. Amma ta ce, "Bar shi inda na'ura ka aje shi."

Maza na dawowa firinta na turo takarda. Tambari ya kai hannu ya shafa zanar, ya ce shi dama ya san ranar uku dashe ke kamawa. Alhaji ya bi sunayen da yatsa, ya ga tasa ranar ta koma Juma'a, bayan ta Uwaliya, ya karɓa ba musu. Ya hana a je neman tafinta, ya kuma ba da umarni a riƙa ƙara wa na'urar datti duk wata.

Ranar Alhamis ruwa ya iso ƙarshen magudana. Kunya biyu na albasarta sun riga sun ƙone, sauran suka miƙe. Tun daga nan duk Asabar da azahar Uwaliya na zuwa sharar ofis, Malami na danna abin da take faɗa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana Alhaji ya tarar da ita da tsintsiya, ya kaɗa mata sabuwar takarda a fuska. "Kin gani? Da na biye miki da mun lalace. Ɗan Adam bai iya wanga adalci."

"Haka na, Alhaji," in ji Uwaliya. Ta jingine tsintsiyar ta wuce gona, don a makon nan ita ce ta ƙarshe a rabon ruwa.