Dutsen Zoben Hajiya Uwani

"Kafin ta cika ta ce ke za ki wanke ta," in ji Zuhura, 'yar Hajiya Uwani, tana tsaye a ƙofata ko sallama babu.

"Ni? Ɓarauniyar?" na ce. "Ku tahi ku nemo mai tsarkin hannu."

Na dai ɗauki mayafina. Shekara ashirin ina wankan gawa a unguwarmu nan Ƙaura ban taɓa ƙi ba, amma ranar raina a ɓace na tafi.

Katanga ɗaya ta raba ni da Uwani, shekara bakwai ba mu gaisa ba. Dalili kuwa, tana da zobe mai dutsen daimon, wato lu'ulu'u, da ta sayo a Makka. Kowace Juma'a sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, ta goge da burushin haƙori mai laushi, kamar mai yi wa jariri wanka. Da zazzaɓi ya kwantar da ita na je jinyarta, na ga zoben ya dushe, sai na sa toka da soso na dirje shi yadda muke dirje tukunya. Alheri na yi nufi, ban san na sassauta abin da ke riƙe dutsen ba. Bayan kwana biyu dutsen ya ɓace. Uwani ta kira ni ɓarauniya a gaban jama'a. Tun daga nan, in na shiga gidan suna sai mata su dafe 'yan kunnensu.

Na sami gawar Uwani a shimfiɗe, duk ta ƙanƙance. Ina cire mata kaya na ji wani ƙyalle ɗaure a ƙugunta, ya yi baƙi don daɗewa. Na kwance. Dutsen ne.

"Tun yaushe?" na tambayi Zuhura.

Ta sunkuyar da kai. "Cikin magudana ta tsince shi, sati guda bayan kunka yi faɗa. Kunya ta hana ta..."

"Kunya? Ni hwa da na sha ta shekara bakwai?"

Ban yafe ba, ba zan yi ƙarya ba. Na yi mata wanka yadda addini ya ce. Sannan na nemi ruwan ɗumi da sabulu, na wanke dutsen a hankali yadda take yi, na fita tsakar gida inda mata suka cika. Na ajiye shi a faranti tsakiyar tabarma, na koma gefe na zauna.

Wata maƙwabciyarmu, Mariya, da ke kusa da ni, ta sauke hannunta daga kunne a hankali ta ɗora a cinya.